Ku Yanka Wa Yaro Gayaunarsa

Ya ku 'ya'yana iyayen yara, maza da mata, na birni da na karkara. Wannan nasiha ce daga dattijon da ya tashi a arewacin ƙasar Katsina da fartanya a kafaɗa, ya ga damina mai albarka, ya ga fari, ya kuma ga yadda gona ke sauya hannu, wani lokaci daga uba zuwa ɗa, wani lokaci daga magada zuwa dillali.

Kukan da nake yawan ji a majalisa da wuraren ɗaurin aure shi ne yaran yanzu ba sa son noma. Wai sun fi son acaɓa da latsa waya da zaman bakin titi. Ka ce wa yaro ya biyo ka gona, sai ya haɗa rai tun daga zaure. Ban musa ba, akwai haka. Amma duk wanda ya kawo mini wannan kuka, tambaya ɗaya nake yi masa: a cikin gonar nan da kake kiransa, wace kunya ce tasa? Galibi sai mutum ya yi shiru. To, nan gizo ke saƙa. Ana son gumin yaro, amma ba a bar shi ya san daɗin cewa "wannan nawa ne" ba. Wanda bai taɓa mallakar tsiro ko ɗaya ba, da wuya zuciyarsa ta kwanta da ƙasa.

Iyayenmu sun san haka sarai, shi ya sa suka haɗa gandu da gayauna. Gandu gonar gida ce, maigida ke riƙe da ita. 'Ya'yansa da ƙannensa na yi mata aiki tun da sassafe har wajen azahar. Daga cikinta ake cika rumbun da kowa zai ci, a biya haraji a zamanin da ake biya, a sayi fartanya da garma, a yi wa saurayi auren fari. Amma bayan an tashi daga gandu, da kuma ranar da aka keɓe a mako, kowane saurayi yana da 'yar gonarsa da aka yanka masa. Abin da ya noma a gayauna nasa ne halak malak: ya sayar, ya yi ɗinki, ya sayi akuya, ya yi wa budurwarsa toshi, babu mai tambayarsa. A gandu yaro ke koyon biyayya da aiki tare da 'yan'uwa, a gayauna kuma yake koyon lissafi da tanadi da kishin abinsa.

Ranar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya auna mini gayauna da takun ƙafarsa a gefen gonarmu, ban isa ɗaukar garma ba. Mahaifiyata ta ba ni irin gyaɗa a ƙoƙo. Daga ranar nan ba a sake tashina da safe ba. Ni nake riga kowa fita, in je in duƙa in ga ko ƙasa ta tsage. Mahaifina idan ya biyo ta wurin ba ya fizge fartanya daga hannuna don ya nuna mini ban iya ba. Sai ya tsaya, ya duba, ya ce, "Ciyawa ta fara fin ƙarfin gyaɗarka," ya wuce abinsa. Da kaka ta yi bai taɓa mini ko ƙwaya ba. Abin da ya ce kawai, in ɗiba in kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu wadda ba ta da mai yi mata noma. Ragowar na sayar na ɗinka rigar salla da kuɗin gumina. Ba a taɓa zaunar da ni an yi mini huɗuba a kan muhimmancin noma ba, amma tun daga wannan damina noma ya shiga jinina.

Ba rana ɗaya igiyar nan ta gandu da gayauna ta tsinke ba, kuma sa'o'ina sun ga yadda aka yi. Farin 1973 ya karya manoma da makiyaya. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta lalata gyaɗar Arewa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya shigo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, saurayi ya ga masinjan ofis ya hau sabon babur shi kuwa uban da ya tsufa a gona bai mallaki keke ba. Gwamnati ta lura, ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976 zamanin Obasanjo, Shagari ma ya kawo nasa shirin bunƙasa noma a 1980. An raba taki, an kawo motocin noma, an gina madatsun ruwa. Sai dai gwamnati tana iya raba taki, ba ta iya raba ƙauna. Wannan aikin gida ne, kuma a gida aka yi sakaci da shi.

Abu na farko da za ku gyara shi ne harshenku. Gidaje nawa ne ake ce wa yaro, "In ba ka yi karatu ba, ƙarshenka noma"? Uba manomi da bakinsa yake faɗin haka, hannunsa cikin tuwon da gona ta ba shi. A makaranta idan ɗalibi ya yi laifi, horonsa shi ne a ba shi fartanya. Idan za a zagi mutum a ce masa baƙauye. Yaro yana ji, yana ajiyewa. Bayan shekara goma sha biyar ana nuna masa noma hukunci ne da faɗuwa, ta yaya za a wayi gari a ce ya rungume shi? Ku bar yara su ji kuna ambaton gona da mutunci. Idan an zauna cin abinci, a ce, "Wannan geron gonar gabas ne, yayanku ne ya yi huɗarta." Idan baƙo ya zo, a nuna masa rumbu a gaban yara, a ambaci sunan wanda ya ɗaura dami mafi yawa. Yabon da uba ya yi wa ɗansa a gaban mutane yana daɗewa a zuciya fiye da kuɗi.

Ku iyaye mata, rabonku a nan ya fi yadda kuke tsammani, domin a gindin murhunku yaro ke fara sanin duniya. Uwayenmu ba su yi digiri ba, amma sun san dabarar kaza. Za a ba yarinya 'yar budurwar kaza a ce tata ce. Ita za ta watsa mata tsaki, ita za ta ƙirga ƙwai, ita za ta kori shirwa idan an ƙyanƙyashe. Kaji su yi yawa a sayar a sayi 'yar akuya, akuya ta haihu, kafin a zo maganar aure yarinya ta tara wani abu na kayan ɗakinta da hannunta. Haka kuma bayan ɗaki: kuɓewa, yakuwa, rama, zogale, da kabewa mai hawa danga. Ki ba 'yarki gindi biyar na kuɓewa, ki ce ruwan wanke shinkafa da na alwala nan za ta riƙa zubawa. Ranar da aka kaɗa miya da kuɓewarta, ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Wannan ba ya buƙatar fili mai yawa. Ko a gidan haya a tsakiyar Kano ko Kaduna, tsohon bokiti da buhun da aka cika da ƙasa da taki sun isa a tayar da tumatir da attaruhu da alayyahu.

Kakanni kuma, ku ne ma'ajiyar sunaye, kuma sunaye na tafiya kabari tare da ku idan ba ku raba su ba. Kakata ta wajen uwa ba ta wuce itace ba tare da ta gaya mini sunansa da aikinsa ba. Ga kuka mai miya da igiya. Ga ɗorawa, a sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, a yi makuba da ɓawonta. Ga kaɗanya mai man kaɗe, ga bagaruwa ta majema, ga aduwa da ake sassaƙa allo da ita, ga goriba mai kabar tabarma, ga giginya mai muruci da azara. Ga kanya da ɗinya da magarya da kurna, kayan marmarin yaran karkara. Ita ta nuna mini shamuwa, ta ce idan ta iso ta fara sheƙa a itatuwan gari, manomi ya gyara sungumi, kuma ba a jifanta. Yaron da ya san itace da sunansa, ya sha 'ya'yansa, ya yi barci a inuwarsa, hannunsa zai yi nauyi kafin ya ɗaga masa gatari. Wanda duk itace a wurinsa "bishiya" ce kawai, gawayi yake gani idan ya dube ta. Ku riƙe hannun jikokinku ku zaga da su bayan gari da yamma. Ku bar su su taɓa, su sansana, su ɗanɗana, su yi tambaya har ku gaji.

Idan kun zo gindin gawo ku daɗe a wurin, domin darasinsa babba ne. Shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke yin sabo, sannan ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa na zama taki, dabbobi na taruwa a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Ku sa yaro ya gwada tsawon geron da ke ƙarƙashin gawo da wanda ke nesa da shi, ya gani da idonsa. Magabata sun san darajarsa, har tarihin Damagaram ya adana cewa a ƙarni na 19 sarakunanta sun kafa doka mai tsanani a kan sare shi.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sun ba mu hujja a zamaninmu. Bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980, ƙasar Maraɗi ta yi fayau, iska na binne shuka da rairayi, mata na tafiya mai nisa neman itacen girki. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa, tohonsu ne ake sassabewa kowace bazara. Sai aka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a riƙa gyara su har su miƙe. Manoma suka kira abin sassabin zamani, kuma su da kansu suka yaɗa shi daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ku lura da abu ɗaya a cikin wannan labari. A da doka ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, manomi na tsoron ma'aikatan gandun daji, don haka ba ya barin itace ya girma a gonarsa. Da ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, sai ya tsare shi. Abin da ya yi aiki a kan magidanta shi zai yi aiki a kan yara. Kututturan kalgo da sabara da gawo suna nan a gonakinmu. Ka nuna wa ɗanka guda uku, ka ce, "Waɗannan naka ne, ka raine su," ka ga abin da zai faru kafin shekara uku.

Addininmu ma ya ba mu abin faɗa wa yara wanda ya fi kowace lacca. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, an rubuta masa ladan sadaka. Ku gaya wa yaro haka a lokacin da yake kukan tsuntsaye sun taɓa masa gero. Ranar fitar da zakka kada ku kore shi. Ku bar shi ya ƙirga dami, ya ware ɗaya cikin goma na noman damina, ya ji dalilin da ya sa na ban ruwa da wahala yake ɗaya cikin ashirin. Ku sa shi ya raka ku kai wa mabuƙata. Ku hana shi harbin tsuntsu da danƙo don wasa, da rushe sheƙa, da ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, da cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya. Wutar nan tana cinye ciyawar dabbobi da ƙananan itatuwa da taushin ƙasa gaba ɗaya. Tausayin halitta a ƙuruciya ake dasa shi, kuma yaro daga hannun ubansa yake kwaikwayo: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kada ku manta da daɗin gona, domin yaro ta bakinsa ake fara kama shi. Wanda aka kai gona don wahala kawai, wahala kawai zai tuna. Mu abin da muke tunawa shi ne furar da ake kawowa da hantsi a sha a gindin tsamiya, da tumun gero da ake gasawa a bakin gona, da ɗanyar gyaɗa dafaffiya, da takanɗa, da ranar gayya da makaɗa ke zuga samari. Aikin yaro na farko shi ne bin mai sara yana jefa iri yana rufewa da ƙafa, kuma wannan wasa ne a wurinsa idan ba a haɗa da tsawa ba. Ku ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ku sallame shi kafin rana ta yi zafi. Kada gona ta hana shi makarantar boko ko ta allo. Kada ku ɗora wa ƙaramin yaro tankin feshi, kada ku aike shi ya haɗa maganin ciyawa ko na ƙwari. Guba ce, manya ma sai da kariya.

Ku mazauna birni, kuna da kawu da baffa da gwaggo a ƙauye, kuma babban hutun makaranta yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Inda hanya take da aminci, ku tura yara su yi makonni a can. Ku kuma 'yan'uwa na ƙauye, idan ɗan birni ya zo bai san bambancin gero da dawa ba, kada ku mai da shi abin dariya. Ku nuna masa. Ku ba shi ɗan akuya ku ce nasa ne, idan ya koma ku riƙa aika masa hoto ta waya yana ganin girmansa. Zumunci ya ƙaru, yaro kuma ya san yana da saiwa a wani wuri.

Idan yaro ya girma ya yi ilimi, ku ba iliminsa wuri a gona. Da yawan samari sun gudu ne saboda duk abin da suka kawo sai a ce, "Ba haka muka gada ba." Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu saurin nuna, waɗanda suka dace da daminar da ta gajarta. Akwai buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Akwai sanin farashin kasuwar Dawanau ta waya kafin dillali ya iso ƙofar gida. Idan ɗanka ya zo da irin wannan, ka ce ya gwada a gayaunarsa. In ya yi kyau baɗi a shigar da shi gandu, ka kuma faɗa a gaban jama'a cewa dabararsa ce. Kai ka san ƙasa da sama, shi ya san takarda da lissafi. Gonar da ta haɗa biyun ita za ta riƙe gida.

Na san akwai masu cewa, "Baba, maganarka ta zamanin zaman lafiya ce." Da gaskiyarsu. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai gonakin da 'yan bindiga suka hana nomawa, akwai iyalan da suka bar rumbunansu suka gudu. Gonaki sun tsuke saboda rabon gado, taki ya yi tsada. Ba na cewa kowa ya kai ɗansa inda za a sace shi. Amma wanda aka raba da gonarsa ya fi kowa buƙatar ya riƙe irin gidansu da ilimin gidansu, ko da a bayan ɗakin da yake gudun hijira ne, domin ranar da za a koma, sai da hannun da ya iya za a koma. Wanda gonarsa ta tsuke kuma, kunya biyu da ya yanka wa ɗansa ba za su hana shi cika rumbu ba.

Ba kuma ina nufin duk 'ya'yanku su zama manoma ba. Wani zai zama likita, wata malama, wani ɗan kasuwa. Amma likitan da ya taɓa rainon kuɓewa ba zai raina manomin da ya zo asibiti da faso a ƙafa ba. Ma'aikacin da ya san wahalar dami ɗaya zai ji nauyin karkatar da takin talakawa. Magajin da ya yi gayauna a gonar ubansa zai yi tunani sau goma kafin ya sayar da ita ya sayi mota.

Saboda haka, 'ya'yana, kada ku jira gwamnati, kada ku jira makaranta. Kafin shamuwa ta iso bana, kowane uba ya ɗauki ɗansa ya auna masa wurinsa, komai ƙanƙantarsa, ya kuma yi alkawarin ba zai taɓa amfanin ba. Kowace uwa ta ware wa 'yarta kaza ko gindin kuɓewa. Kowane kaka ya koya wa jikansa sunayen itatuwa goma na garinsu da amfaninsu. Wanda ya yi haka ya sauke wani hakki na tarbiyya, wanda ya ƙi kuma kada ya zo gobe yana zargin yaran zamani. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu. Amin.